Amsa: Wa ya fito da awon ƙeyar ɗan tayi?

'Yar'uwa, kin tambayi wanda ya fito da awon ruwan ƙeyar ɗan tayi a hoton ciki. Farfesa Kypros Nicolaides ne, na King's College da ke Landan. A 1992 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa idan ruwan nan ya yi kauri a watanni ukun farko, haɗarin larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita kuma take jinkirta girma da koyo, ya ƙaru. Ƙiyasi ne fa, tabbatarwa sai da wani gwajin. Ni dai a cikin ayyukansa, wani bincike na 2017 da ake kira ASPRE ya fi burge ni: asfirin miligiram 150 kowane dare ya rage hawan jinin ciki mai jawo haihuwar bakwaini da kashi 62 cikin ɗari ga matan da ke cikin haɗari. Amma sai likita ya rubuta miki.