Furen da zai yi shekaru a tsakar gida

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina Kano, duk damina sai kin sayi furanni kin dasa amma kafin bazara ta wuce sun mutu, kuma kina neman waɗanda za su yi shekaru suna fure. Na daɗe ina wannan harkar a tsakar gidana, bari in faɗa miki abin da na gani.

Wasu daga cikin furannin da ake jerawa a baƙar leda a bakin titi dama 'yan damina ɗaya ne, ko me kika yi musu sai sun tafi. Don haka kafin ki biya kuɗi, ki tambayi mai lambun ko wannan yana shekara. Ki kuma zaɓi shuka da tunanin watan Afrilu, domin a watan Agusta komai kore ne.

A wurina kariya ce kan gaba. Tamu ce, tana fitowa da kanta a dajin ƙasar nan, kuma wannan kumburarren gindin nata rumbun ruwa ne. Da rani, sa'ad da ta kaɗe ganye, a lokacin take cika da fure mai ruwan hoda. Ƙishirwa ba ta cika kashe kariya ba, yawan ruwa ne ajalinta. Idan a tukunya za ki sa ta, ki huda gindin tukunyar sosai, ki haɗa yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, da ɗan dakakken gawayi. A tsakiyar damina ki janye ta ƙarƙashin rumfa, kar ta kwana cikin ruwa. In kin latsa gindin kin ji ya yi laushi, ruɓa ya fara: ciro ta, yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta, a bar ta a inuwa ta bushe kamar mako guda, sannan a mayar cikin busasshen yashi. Sai dai ki kula, ruwan jikinta guba ne, har dafin kibiya ake yi da shi a da. A ɗaga ta inda hannun yara ba ya kaiwa, a wanke hannu bayan an yanka ta.

Sai bogenbiliya, mai hawa katanga da ƙaya, wadda furenta kamar takarda. Asalinta daga Kudancin Amurka ne amma zafin nan ya karɓe ta. Mutane da yawa suna kukan tasu ganye kawai take yi. Kusan kullum dalilin ɗaya ne daga cikin uku: inuwa, ban ruwa safe da yamma, ko takin yuriya. Ki ba ta rana ta aƙalla awa shida, ki bari ƙasa ta bushe kafin ki sake ba ta ruwa, za ki sha mamaki da hunturu.

In kina da inda ruwan alwala ke gangarawa, gwangwama, mai faffaɗan ganye da fure ja ko rawaya, ita ce ta dace da wurin, domin ita tana son danshi. Duk bayan shekara biyu ko uku sai ki tone saiwarta ki rarraba, in ba haka ba ta cushe furen ya ragu. Ruwan alwala da na wanke shinkafa suna da kyau ga shuka, amma na wanki mai omo yana lalata ƙasa a hankali.

Kar ki raina lalle. Mun saba kallonsa don ganyen ƙunshi, amma ƙananan fararen furanninsa suna da ƙamshi mai cika gida da yamma, kuma in ya kama ba ya neman komai a wurinki.

Yanzu ga inda na fi so ki riƙe. Lokacin dashe shi ne bayan ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, don saiwa ta samu watanni uku tana nutsewa kafin ruwa ya ɗauke. Wanda aka dasa a Satumba zai shiga rani da gajeriyar saiwa, da wuya ya ga wata daminar. Ki haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ki gauraya ƙasar da kashin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, musamman na kaji, kuma yana janyo gara. A shekarar farko kar ki damu da ƙarancin fure, aikin yana can ƙarƙashin ƙasa.

Da rani, ban ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum. Yayyafi saman ƙasa kawai yake jiƙawa, sai saiwa ta taru a sama, rana ta dafa ta. Ki yi ban ruwan da sassafe ko bayan la'asar, ki rufe gindin da buntun shinkafa ko busasshen ganye, amma ki bar tazarar yatsu huɗu daga jikin shukar saboda gara. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba sanyi, ita kuwa baƙar roba a kan siminti da rana tsaka tana gasa saiwa.

Idan kin ga ganye na zuba da hunturu, kar ki yi saurin tugewa. Kankare ɓawon reshe da farce, in kin ga kore a ciki tana da rai, hutawa take yi. A lokacin ma rage ruwa ake yi.

Ga fararen ƙwarin nan masu manne wa ƙasan ganye, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu kaɗan, ki fesa da yamma duk mako har su ɓace. In akwai awaki a gidan, ki fara da shinge kafin ki sayi ko da shuka ɗaya.

Ki gaya mana ko tsakar gidan naki siminti ne ko ƙasa, da ɓangaren da rana ta fi daɗewa, sai in ba ki shawarar inda kowacce za ta zauna. Allah ya sa albarka.