Tambaya da Amsa: Ɗakin Wanki a Gidan Bene, Sama ko Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna ginin bene mai hawa ɗaya, an kai linta amma ba a zuba dekin ba tukuna. Ɗakunan kwana huɗu duk a sama suke. Ni na fi son a fitar mini da ɗakin wanki a can sama, tunda nan kayan datti suke taruwa. Maigida kuma ya ce sai dai a ƙasa, bayan kicin. Wanne ya fi? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kin yi tambayar a kan gaɓa, domin da zarar an zuba dekin, duk bututun da aka manta sai an fasa kankare kafin ya samu hanya.

Kada ki duba inda kayan datti suke taruwa, ki duba inda za a yi shanya. Busasshen kaya ba shi da nauyi, yaro ma zai sauko da shi a kwando. Jiƙaƙƙe shi ne aiki: wankin kilo 7 yakan haura kilo 10 bayan inji ya matse shi, wanda aka matse da hannu kuwa ya kan ninka. Idan igiyar shanya tana tsakar gida, ɗakin wanki a sama zai sa a riƙa saukowa da bahon jiƙaƙƙen kaya ta matattakalar tayil, ruwa yana ɗiga, nan kuwa ake samun santsi da karaya. Ki kuma duba wanda zai yi wankin. In mai wanki da guga ne yake zuwa daga waje, ba kya so hanyarsa ta bi ta ƙofar ɗakunan kwana.

Sai ƙarfin ruwa, wanda shi ne ya fi ba mutane kunya bayan an tare. Yawancin gidajenmu da tankin sama suke aiki, ƙarfin ruwan kuma daga tsayin tankin yake zuwa. Injin wanki mai sarrafa kansa galibi yana son tanki ya ɗara bakin famfonsa da kamar mita 5. A ƙasa wannan yana samuwa cikin sauƙi. A sama kuwa an riga an ci kusan mita 3, abin da ya rage sau da yawa bai wuce mita 2 ko 3 ba. Sai ki ga inji yana jan ruwa kamar ba ya so, wani ma ya gaji da jira ya tsaya yana ƙara. Maganinsa ƙaramin injin tura ruwa, ko a ƙara wa ƙarfen tanki tsawo, duka biyun kuma kuɗi ne.

Saboda haka, a irin ginin da kika kwatanta, maigida ya fi kusa da daidai. A sa shi a ƙasa, jikin bangon kicin ko na banɗaki, da ƙofa mai fita kai tsaye zuwa wurin shanya. Mita 1.8 a mita 2.4 ya isa inji, teburin guga da ƙaramin kwamin wanki. Kada a raina kwamin nan, a ciki za a fara ɗauraye kayan yara masu najasa kafin su shiga inji. A sama kuma, a bar miki lungu na kwandon tara kaya a kan baranda ko kusa da matattakala.

Tambaya: Ni gidana fili ya yi kaɗan, ƙasa duk falo ne da shago, dole sai sama. Maginina ya ce girgizar inji za ta tsaga dekin. Gaskiya ne? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Malam, dekin da aka zuba da kaurin santimita 15 da rodi yadda injiniya ya tsara ba ya tsagewa saboda injin wanki. Inji mai ƙofa a gaba bai cika wuce kilo 60 zuwa 80 ba, nauyin mutum ɗaya ke nan. Abin da girgiza take jawowa shi ne ƙara, don haka a ajiye shi jikin bango ko kan bim, wato ginshiƙin kankare na kwance da yake ɗauke da dekin, ba tsakiyar ɗaki ba, kuma ba saitin kan gadon kowa ba. A daidaita ƙafafunsa huɗu, a kuma kwance kusoshin nan na baya da kamfani yake ɗaure gangar da su saboda tafiya. Yawancin injin da ake cewa yana rawa yana tafiya, waɗannan kusoshin ne ba a cire ba.

Abin tsoron shi ne ruwa. Ka ɗora ɗakin a saman banɗaki ko kicin, ta yadda bututunsa zai sauka ta inda nasu yake, in an samu yoyo kuma ba silin falo zai lalata ba. Kafin a sa tayil a shafa maganin hana ruwa ratsa kankare a daɓen duka, a hau da shi bango aƙalla santimita 15, a toshe mafita, a tara ruwa ya kwana biyu, a leƙa ta ƙasa. In an ga danshi a sake, tun tayil bai rufe laifin ba. Daɓen ya gangara santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudanar ƙasa, bakin ƙofa kuma ya ɗan tashi.

Bututun fitar ruwa ya zama inci 2, mai lanƙwasar da take riƙe ruwa don hana wari dawowa. Inji mai famfon fitar da ruwa yana son bakin bututun ya tsaya santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa. In ya yi ƙasa da haka, ruwa zai riƙa zurarewa tun inji yana cika. Amma inji mai baho biyu, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, galibi ba shi da wannan famfo, da kansa ruwan yake gangarowa. Shi tiyonsa kwance yake so, zuwa magudanar ƙasa. Ka yanke irin injin da za ka saya kafin mai gyaran famfo ya fara aiki. A sa makunnin ruwa inda hannu zai kai, a riƙa rufewa bayan wanki, a canja tiyon shigar ruwa duk shekara 5.

Barandar shanya kuma a yi mata bulo mai huda ko wani shinge, don iska ta shiga amma kayan iyali kada su zama abin kallon 'yan layi.

Tambaya: Zan iya haɗa ruwan wanki da ramin masai, in kuma ja wuta daga soket ɗin ɗakin da yake kusa? Daga Maraɗi.

Amsa: Duka biyun a'a. Inji mai ƙofa a gaba yana zubar da lita 50 zuwa 60 a wanki ɗaya, mai ƙofa a sama yana iya haura 100. Wannan ruwa yana cika rami da wuri, sinadarin cire tabo kuma yana kashe ƙwayoyin da suke narkar da ƙazanta. A haƙa masa sokawe nasa daban, wato ramin da ƙasa take tsotse ruwan, nesa da tushen gini da rijiya, da raga mai tare zaren tufafi.

Wuta kuwa, injin da yake dafa ruwa yana jan kusan wat 2,000. A ja masa layinsa daga akwatin rarraba wuta da waya mai girman murabba'in milimita 2.5, da wayar ƙasa, da na'urar da take yanke wuta in ta fara zuba a jikin inji. Soket ya hau sama da mita 1, nesa da famfo. In da ƙaramin janareta ko sola ake aiki, a saita injin a kan ruwan sanyi.