Ramukan fit a filin al'umma: a bar katafila ta baje su?

Tambaya: Malam, ina karatun binciken kufai a arewacin Ingila. A filin kiwon al'umma na ƙauyen da nake aiki akwai ramuka masu kusurwa huɗu, da kunyoyi miƙaƙƙu a tsakaninsu, inda mutanen zamanin da suke yankan fit, ƙasar dausayin nan da ake busarwa a hura wuta. Masu farfaɗo da dausayi za su kawo katafila wata mai zuwa su baje wurin, wai an riga an lalata shi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina da bakin magana?

Amsa: Kina da shi, ƙanwata, kada ki yi shiru.

Wannan magana ta "an riga an lalata" kullum sai na ji ta, kuma tana ci mini rai. Wani ya zauna a ofis, ya rubuta "lalatacciyar ƙasa" a fom, shi ke nan an ba direban katafila izini. Ramin da kansa fa shi ne shaidar. Talakan da ke da haƙƙin yankan makamashi a filin al'umma bai bar gini ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari shi ne bangon rami mai sawun shebur, da hanyar da ya bi da kayansa, da dandamalin shanya, da kunyar da ta raba rabonsa da na maƙwabcinsa.

Dubi tafkunan Norfolk a gabashin Ingila. Kowa ya ɗauka halitta ce, har sai da Joyce Lambert, masaniyar tsirrai, ta yi ta huda ƙasa a shekarun 1950. Ta tarar da bango a tsaye cak, gindi a shimfiɗe, kunyoyi kuma suna bin iyakokin ƙauyuka. Ashe ramukan fit ne da aka haƙa tsakanin ƙarni na 12 da na 14, ruwa ya cike su. Wanda ya san yadda kududdufan Kano suka samo asali daga ɗiban ƙasar gini ba zai yi mamaki ba.

Haɗarin ma ya wuce nan. Fit yana ƙaruwa da kusan milimita 1 a shekara. Wanda ya yanke mita 2 ya kwashe kusan shekara 2,000, saboda haka abin da ya daɗe a binne yanzu yana dab da sama, daidai inda cokalin katafila zai fara sauka. Ma'aikacin fit ne, Ray Sweet, ya ci karo da hanyar katako ta Somerset, kudu maso yammacin Ingila, a 1970, wadda aka shimfiɗa a 3807 kafin haihuwar Annabi Isa. Irin wannan katako, da ya sha iska sai ya tsattsage ya ruguje.

Ni ma ina son a mayar wa dausayi ruwansa, jiƙar ce ke adana kayan. A fara aunawa dai kafin a baje. Nemi hoton leza na wurin, wato wanda ake ɗauka daga sama yana nuna tudu da kwarin ƙasa, ki ɗora shi a kan taswirar ƙarni na 19, ki zana kowace kunya, ki kai wa jami'in kufai na gundumar a rubuce tun makon nan, ki nemi a toshe magudanai ba tare da an taɓa bangon ramukan ba.