Amsa ga mai son shirya fim ɗin Bayajidda irin Black Panther

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa kai da abokanka a Daura kuna son yin fim ɗin jarumta a kan Bayajidda, irin Black Panther, kuna neman sanin manhajar da ake haɗa siddabarun da ita da irin kwamfutar da za ku saya. Tace bidiyo ita ce sana'ata a nan Katsina, na biki da talla da gajerun finafinai, don haka ga abin da na sani.

Kafin ku kashe ko sisi, ku sake zama ku kalli fim ɗin, ku lura da wuraren da suka kama ku. A ganina inda aka fi zuba aikin kwamfuta nan ne ya fi rauni. Dubi faɗan ƙarshe a ramin ma'adinai, inda jarumin fim ɗin T'Challa da bos ɗin Killmonger ke dambacewa a kan titin jirgi. Ga duhu, ga jikinsu ba nauyi, sai ka ce gem ake bugawa a waya. Karkandan yaƙin nan ma haka. Kamfanin Marvel ne fa, da kuɗin da ya kai wajen dala miliyan 200. Da aka zo Oscar a 2019 fim ɗin ya ci kyauta uku, ta sutura da ta tsara wurare da ta kiɗa. A fannin siddabaru ko cikin 'yan takara bai shiga ba.

Suturar nan Ruth Carter ce ta haɗa ta, kuma daga kayan mutanen Afirka na gaske ta ɗebo: bargon mutanen Lesotho a kafaɗar masu gadin iyaka, zobban wuya irin na matan Ndebele a wuyan dakarun mata, shuni da naɗi irin na Buzaye a jikin ƙabilar 'yan kasuwa. Mai kiɗan, Ludwig Göransson, sai da ya je Senegal ya bi Baaba Maal yawon wasa, kuma gangar da ke tashi in sarki ya bayyana 'yar'uwar kalangunmu ce. To ku da kuke Daura, me kuka rasa a nan? Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan salla ya ga lifidi da sulke da kwalkwali, ya ji kakaki da tambari har cikin ƙirjinsa, ya san abin da su suka biya miliyoyi suka ƙera, ku aro kawai za ku nema.

Sai zaɓen 'yan wasa, inda mu muka fi yin sakaci. Marigayi Chadwick Boseman, wanda ya fito a T'Challa, ba ƙaton mutum ba ne, amma in ya tsaya shiru sai ka yarda ɗan sarki ne. Yana fama da ciwon dajin hanji tun 2016, a haka ya yi fim ɗin, jama'a ba su sani ba sai da ya rasu a watan Agustan 2020. Dattijon da ya fito a mahaifinsa, John Kani na Afirka ta Kudu, shi ya sa harshen Xhosa ya zama harshen Wakanda, ƙasar da aka ƙirƙira a fim ɗin. Da ake son nuna shi yana matashi ba a ce kwamfuta ta goge masa tsufa ba, ɗansa na cikinsa Atandwa aka kawo. Mu kuwa sai a ba wanda ya zuba kuɗi jarumi, ko a ɗauko wadda ta fi mabiya a TikTok a ce ita ce Daurama. Daurama mace ce mai mulkin gari, ku nemo wadda in ta ɗaga ido fadawa za su sunkuya, ko da ba a san ta ba.

Labari kuma, a nan nake so ku daɗe. Abin da ya riƙe Black Panther shi ne bos ɗin yana da hujja. Killmonger ɗan ƙanin tsohon sarki ne, wato mahaifin T'Challa, tsohon sarkin ya kashe ubansa a Oakland a 1992, aka bar yaro shi kaɗai a Amurka, ya girma ya dawo neman gadon gidansu. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin rikicin 'ya'yan sarki. Macijin Kusugu ba zai iya zama irin wannan bos ba. Ba ya magana, ba shi da ƙorafi, kuma a dare ɗaya aka gama da shi. In kuka ɗora fim a kansa, minti ashirin kun ƙare. Daɗin labarin yana wayewar gari: baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana, mutanen da suka saba ɗiban ruwa ranar Juma'a kaɗai, da manyan gari da kowa ke bugun ƙirji shi ya kashe, amma aka ce ya kawo kan ya kasa. Gaba kuma ga Bawo da Karɓagari, uba ɗaya uwa daban. Ni da ni ne ku, can zan kai kyamara.

Yanzu ga abin da ka tambaya. Blender kyauta ce, da ita ake ƙera abu kamar maciji a motsa shi. DaVinci Resolve tana da ta kyauta, tana tacewa tana gyara launi. After Effects biya ake yi. Sai dai ka riƙe lissafin nan: daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, minti ɗaya 1,440 ke nan, kuma kowane sai kwamfuta ta zana shi da saɓa da inuwa da ƙyallin ruwa. Laftof ɗin da muke aikin biki da ita zafi take ɗauka, fanka na kuka, ka bar ta ta kwana tana aiki, a ɗauke wuta da asuba.

Koren ƙyalle ma, wanda ake ɗaukar ɗan wasa a gabansa don a sauya bango da kwamfuta, yana da nasa halin. In haske bai bazu a kansa daidai ba, ko ya yi tamoji, gefen mutum sai ya riƙa rawa. In ɗan wasa ya matsa kusa da shi da farar riga, kore zai hau rigar. Na taɓa karɓar aikin wasu da suka sa dogari a gaban ƙyallen da rigarsa ta ja da kore. Da aka cire bango sai rabin dogari ya tafi da shi, jan kawai ya rage yana yawo.

Saboda haka kada ku nuna macijin gaba ɗaya. Dare ne ai. A ga igiyar guga ta yi tauri, a ji huci daga ƙasa, a ga inuwa ta hau bakin rijiya, a ga takobi da fuskar mai riƙe da shi. Kan macijin kuwa mai sassaƙa da baduku za su haɗa muku wanda za a iya ɗauka a hannu. Rijiyar Kusugu ta yau tana cikin gini, ba za ta yi kama da ta wancan zamani ba, gara ku gina bakin rijiya a wani ƙauye. Su ma masu Black Panther, gangaren ruwan da ake naɗin sarki, a Atlanta suka gina shi. Kuɗin babbar kwamfutar ku raba shi tsakanin fitilu da makirfo mai kyau.

Ku ɗauki wannan fitowar ta rijiya kaɗai tukuna, minti ɗaya, ko da waya ce, ku turo nan mu gani. In sauti ko launi ya ba ku matsala zan duba muku.