Yadda Ake Rage Ido a Wuyan Suwaita

'Yar'uwa, kin ce wuyan suwaitar ɗanki yana fitowa gantsare-gantsare kamar matakala. Rage ido (wato madaukin zaren da ke kan allurar saƙa) a bakin gefe ne ke jawo haka.

Da kin iso wuya, ki rufe idanun tsakiya gaba ɗaya, wato ki ɗaure su ki sauke su daga allura, kusan kashi 1 cikin 3 na faɗin wuyan, sannan kowane ɓangare ki ci gaba da shi da nasa ƙullin zaren. Ki saƙa ido 1 ko 2 daga gefen wuyan tukuna, sai ki haɗa biyu ki saƙa su tare. A layin fuskar saƙar kawai ake ragewa, layin bayan saƙar kuma a saƙa shi ba ragi.

Don Allah kada ki matse wurin rufewar, kan yaro babba ne, sai ya ƙi shiga.