Amsa: Zuwa Zanzibar a watan Afrilu

Malam, ka ce za ka tashi daga Katsina ka kai amarya Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya a watan Afrilu, ko lokacin ya dace? Bai dace ba. Daga Maris zuwa Mayu damina ce a can, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ka bari sai tsakanin Yuni da Oktoba. Jinkirin ma alheri ne gare ka, don mai fasfon Najeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi, ta intanet ake nema tun da wuri a jira amincewa.

Sai maganar masauki, wadda ita ta ci ni da na je. Na kama ɗaki a Paje, gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ashe idan teku ta janye sai ka yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya kai maka gwiwa. In wankan teku kuke so, ku sauka Nungwi a arewa. Abinci da salla kam ba damuwa, yawancin mutanen Musulmi ne, a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, kiran salla za ka riƙa ji kamar kana Ƙofar Soro.