Wane abu ne ya fi sauya tarihin waƙa?

Malam, ka tambayi abin da ya fi sauya tarihin waƙar zamani. Ni dai a ganina kaset ne. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Kafin nan sai mai hali ke da garmaho, faifan kuwa ga tsada ga saurin fashewa. Da kaset ya zo, kowa na iya naɗa, ya kwafa, ya ba aboki. Ta haka muryar Mamman Shata da ta Ɗan Maraya Jos suka cika tashoshin mota da shaguna, har ƙauyen da babu lantarki, tunda rikoda da batir take aiki. CD ya zo a 1982, amma bai shiga gidan talaka kamar kaset ba.